Saura sati uku gasa, sikeli ya ƙi ni, kuma Inna ba ta sani ba

Assalamu alaikum Yaya. Ni saurayi ne ɗan shekara 27, daga wani ƙauye a ƙasar Daura, ina karatun digiri na biyu a Ingila. Wata goma ke nan da na fara koyon jiu-jitsu irin na Barazil, wata irin kokawa da ake yi a kan tabarma, saboda kaɗaici da sanyi sun so su fi ƙarfina lokacin da na zo. Ina yaro na yi kokawa sosai a dandali bayan kaka, shi ya sa wasan ya shiga raina. Har yanzu farar ɗamara gare ni, wato matakin masu fara koyo. Na biya kuɗin shiga gasata ta farko a Landan, wadda ke bin dokokin IBJJF, wata hukumar jiu-jitsu ta ƙasa da ƙasa, saura sati uku. Na yi rajista a ajin kilo 76, amma yau da na hau sikeli da kayan wasa a jikina, kilo 80 na gani. Abokina da muke atisaye tare ya ce in daina shan ruwa kwana biyu kafin ranar, in shiga sauna, wato ɗakin zafi mai sa gumi, wai haka kowa ke yi. Kocinmu ya ce in koma ajin kilo 82.3, amma sai na ji kamar ya raina ni ne, kuma ina tsoron haɗuwa da manya. Ga haƙarƙarina na hagu yana ciwo yau kwana goma, ban gaya masa ba don kada ya hana ni. Inna ba ta san ina wannan wasa ba. In ta ji, cewa za ta yi dambe na tafi yi, alhali gona aka sayar aka turo ni karatu. Ba na iya barci. In janye ne, ko in bi shawarar abokina?

Wa'alaikumus salam ƙanena. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma na ji maka, domin abubuwa uku ka ɗauko lokaci guda, nauyin jiki da ciwo da ɓoyo, ka haɗa su da fargabar da duk mai shiga gasar farko yake yi. Ba mamaki barci ya ƙaurace maka. Zan fara da wanda zai iya kwantar da kai a asibiti, wato shawarar abokinka, sauran kuma mu bi su a hankali.

Kada ka bi ta. Na san ba mugunta yake nufi ba, abin da ya gani yake faɗa. Ya ga 'yan damben zamani da masu faɗan keji suna hawa sikeli idanu sun zurma, washegari su fito cike fal kamar ba su ba. Abin da bai lura da shi ba shi ne waɗannan ana auna su tun ana gobe faɗa, suna da yini da kwana su sha ruwa su ci abinci jiki ya dawo. A gasar IBJJF ba haka ake yi ba. Ana auna ka ne gab da karawarka ta farko, da riga da wando da ɗamara a jikinka, sau ɗaya tak. In ka haura ko da kaɗan ne an fitar da kai, babu je ka dawo. In kuma ka tsallake, 'yan mintoci ne a kira ka kan tabarma. Ka ga ke nan wanda ya hana kansa ruwa kwana biyu zai shiga fili da wannan ƙishirwar, jini ya yi kauri, zuciya na bugawa da sauri tun ba a taɓa shi ba, yatsu na ƙagewa, kai na juyawa, sannan wani ƙato ya hau ruwan cikinsa. Kuma haɗarin bai tsaya a shan kaye ba. A ƙarshen shekarar 1997 ɗalibai uku 'yan kokawar jami'a suka mutu a Amurka cikin 'yan makonni, dukkansu a ƙoƙarin sauke nauyi da gumi da ƙishirwa, abin da ya sa hukumar wasannin jami'o'in ƙasar ta hana amfani da sauna da rigunan roba don rage nauyi. A Disambar 2015 wani ɗan wasa daga Sin, Yang Jian Bing, ya rasu yana da shekara 21 a kan wannan hanya. Samari ne lafiyayyu, sun fi ka horo.

Mu yi lissafin da kai. Abin da jiki ke iya saukewa cikin lafiya ta hanyar gyara cin abinci bai cika wuce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati ba. Kai kuma kilo huɗu kake nema cikin sati uku, a daidai lokacin da ya kamata ka fi yin atisaye mai tsanani, da haƙarƙarin da ke buƙatar abinci ya warke, da karatun da ke buƙatar kai a natse. Da wata biyu ne ya rage da na ce gwada, rage soye-soye da lemon kwalba, ka auna kanka duk safiya. Yanzu lokaci ya ƙure. To dubi ɗaya ɓangaren. Ajin da koci ya nuna maka iyakarsa kilo 82.3 da kaya a jiki, kai kana 80. Mafi nauyin wanda za ka haɗu da shi bai fi ka da kilo biyu da ɗan ɗoriya ba, wato nauyin ƴar ƙaramar jakar shinkafa. Ka tambayi kanka mutum nawa kake murzawa da su a wurin atisaye da suka fi ka da kilo goma. “Manyan” da kake tsoro su ne sa'anninka na kullum. Saboda haka ka shiga shafin gasar yau ɗin nan ka duba ranar ƙarshe ta gyara rajista, domin akwai wa'adi, in ya wuce ba a canza aji. Ka canza, ka ci abincinka, ka sha ruwanka.

Game da kocinka, ina ganin ka yi masa mummunar fahimta. Wanda ya raina ka ba zai damu da ajin da ka shiga ba, zai bar ka ka je ka sha wahala ka koyi darasi. Shi ya ga abin da kai ba ka gani ba tukuna: yawancin masu farar ɗamara a gasarsu ta farko ba ƙarfin abokin karawa ke kayar da su ba, numfashinsu ne ke ƙarewa a minti na biyu. Yana so ka isa can da man da zai kai ka ƙarshen minti biyar. Amma kai ka ɓoye masa abin da ya fi buƙatar sani, kuma a nan ne zan ɗan ja maka kunne. Mutumin nan shi ne zai tsaya a gefen tabarma yana kiran sunanka, shi ke haɗa ka da abokan atisaye kullum. In bai san haƙarƙarinka na ciwo ba, gobe zai iya haɗa ka da mai kilo 95 ya ɗora maka gwiwa a daidai wurin. Ka gaya masa kafin atisaye na gaba, ba a tsakiyar mutane ba, ka ce: “Kwana goma ke nan haƙarƙarina na ciwo, na ji tsoron faɗa maka don ina son gasar.” Duk kocin da ya daɗe a wannan wasa ya ji irin wannan magana ba adadi, kuma shi ma da wuya bai taɓa jin ciwon haƙarƙari ba.

Kafin nan ko bayan nan, cikin satin nan dai, ka ga likita ko mai gashin ƙashi na asibiti. Kai ɗalibi ne, kana da damar ganin likitan unguwa ko na jami'a. Ciwon haƙarƙari iri-iri ne: wani tsoka ce ta buge, wani guringuntsi ne ya motsa, wani kuma tsagewar ƙashi ce, kuma ba a bambance su daga nesa, ni ma ba zan iya ta wasiƙa ba. Warkewarsa kan ɗauki makonni, wani lokaci har shida. In numfashi yana yi maka wuya, ko kana tari da jini, ko zazzaɓi ya shigo, ko ciwon na ƙaruwa maimakon raguwa, kada ka jira alƙawarin likita, ka nemi asibiti a ranar. Kuma kada ka haɗiyi maganin kashe zafi don ka samu ka yi atisaye, zafin nan shi ke gaya maka iyakarka. In likita ya ce tsagewa ce, ƙanena, gasar nan ta wuce ka, kuma ba komai. A Ingila kusan kowane wata ana yin gasar jiu-jitsu a wani gari, manya da ƙanana, wasu ma a kan sa mutum ya kara da kowa a rukuninsa, ya samu wasa uku ko huɗu maimakon ɗaya. Ga mai fara gasa irin wannan ta fi amfani. Kuɗin rajistar zai yi maka zafi, na sani, aljihun ɗalibi ne. Ka rubuta wa masu shirya gasar ka tambaya ko suna da tsarin mayarwa ko ɗagewa ga wanda ya kawo takardar likita. In babu, ka haƙura da shi.

In kuwa likita ya ce bugu ne kawai, ya ba ka izini, to ga yadda nake ganin za ka yi da sati ukun. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka rufe bidiyoyin dabaru da kake kallo da daddare, don na tabbata kana kallo, kada ka ƙara koyon sabon abu ko ɗaya. Ku zauna da koci ku zaɓi hanya guda gajeriya: yadda za ka kai mutum ƙasa, yadda za ka wuce ƙafafunsa, inda za ka danne shi, da kamu ɗaya da ka fi iyawa. Sai kuma hanyar fita in aka hau ruwan cikinka ko aka kama bayanka, don wannan zai iya faruwa ko da ka fi shi. Waɗannan za ka yi ta maimaitawa har jiki ya riƙa yi ba tare da ka yi tunani ba, saboda ranar gasa tunani ne farkon abin da ke gudu. A kwana goma sha biyu na farko, gwargwadon yadda haƙarƙarin ya yarda, ka riƙa yin zagaye na minti biyar cif, wanda shi ne tsawon wasan manya masu farar ɗamara, ku fara daga tsaye, wani yana riƙe da agogo yana ƙirga maki da ƙarfi. Wuraren atisaye da yawa sun saba farawa daga durƙuso, sai mutum ya je gasa ya tarar bai san abin da zai yi da ƙafafunsa ba. Satin ƙarshe kuma sassautawa ake yi. Murza mai tsanani ta ƙarshe ta kasance saura kwana biyar ko shida, daga nan sai maimaici mara nauyi da barci.

Ka san makin kamar yadda ka san sunanka. Kayarwa maki 2, juyar da mutum daga ƙasa ka koma samansa maki 2, ɗora gwiwa a cikinsa maki 2, wuce ƙafafunsa ka danne shi maki 3, hawa ruwan ciki maki 4, kama baya ka saƙala ƙafafunka a cinyoyinsa maki 4. Kowanne sai ka riƙe shi daƙiƙa uku kafin alƙali ya ɗaga hannu. Wannan daƙiƙa ukun ita sababbi ke zubarwa: mutum ya samu wuri mai kyau, zumuɗi ya ɗebe shi ya zabura neman shaƙa, ya rasa makin ya rasa wurin. In ka samu wuri, ka zauna, ka ƙirga a zuciyarka, ka ja numfashi.

Kokawarka ta dandali dukiya ce, kuma ina so ka san haka. Yawancin waɗanda za ka haɗu da su sun fara wasan ne suna manya, ba su taɓa tsayawa ƙirji da ƙirji da wani a kan yashi ba, ba su san yadda ake sauke ƙugu a kafe ƙafa ba. Kai jikinka ya sani tun kana yaro. Amma akwai ɗabi'u biyu na ɗan kokawa da za su iya cutar da kai. A kokawarmu da mutum ya taɓa ƙasa an gama, sai kiɗa da guɗa, don haka jiki ya saba sakewa da zarar an yi kaye. A nan kayen maki 2 ne kawai, aikin yana gaba, kuma wanda ka kayar yana iya shaƙe ka daga kwance in ka miƙa masa wuya ko ka bar hannu a sake. Ta biyu ta fi haɗari. In mutum ya nannaɗe ka da ƙafafu ko ya kama hannunka, zuciyar ɗan kokawa za ta ce ka ɗaga shi sama ka maka da ƙasa. Yin haka kora ce nan take. Haka nan murɗa diddige haramun ne a wasan da ake yi da riga irin naka, kuma mai farar ɗamara ba a yarda ya yi tsalle ya maƙale abokin karawa da ƙafafu daga tsaye ba. Littafin dokokin yana shafin hukumar kyauta, ka ba shi dare ɗaya, ka tambayi koci abin da ya shige maka.

Ranar kanta, ka je da wuri, aƙalla awa guda kafin lokacin da aka sa wa ajinka, da katin shaida mai hoto. Za a duba kayanka kafin awo: fari ko shuɗi ko baƙi, riga da wando launi ɗaya, ba yagewa, hannun rigar kada ya gaza wuyan hannu da fiye da santimita biyu. In kana da na biyu ka tafi da shi, in babu ka ara. Yanke farce, kuma in ka ga wani tabo mai zagaye a fatarka irin na makero, ka nemi magani tun yanzu, don ana hana mai cutar fata shiga. Ka sa dabino da ayaba da ruwa a jaka, da silifa, da darduma, domin jira na iya cin lokacin azahar. Abin da na fi so ka riƙe shi ne ɗumama jiki. Ka yi shi har gumi ya keto, har ka yi haki sau ɗaya kafin a kira ka. Wanda ya shiga da sanyin jiki, minti ɗaya sai ya ji damatsansa sun yi tauri kamar itace, ya kasa riƙe ko kwalar riga. Kuma kada ka damƙe rigar mutum da iya ƙarfinka tun daga farko har ƙarshe, ka kama in za ka yi amfani da kamun, ka saki in ba ya yi maka aiki.

Ka kuma shirya wa abu ɗaya a ranka: tsarin gasar na fitarwa ne, wanda ya faɗi a wasan farko yawanci ya gama ke nan. Kusan rabin waɗanda suka shiga ajinka haka za su koma gida, kuma Litinin za su dawo atisaye ba wanda zai nuna su da yatsa. In aka kama hannunka ko wuyanka ka ga babu mafita, ka buga hannu da wuri, alamar ka sallama, a jikin mutumin, yadda zai ji. Za ka ji 'yan wasa suna ba da labarin Hélio Gracie, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa wannan wasa, yadda a 1951 a filin Maracanã na birnin Rio a Barazil ɗan judon Japan Masahiko Kimura ya murɗe masa hannu ya ƙi sallamawa har hannun ya samu rauni, sai ɗan'uwansa Carlos ne ya jefa tawul, kuma daga nan ake kiran wannan kamu da sunan kimura. Labari ne na jarumta, amma shi wasan ne sana'arsa da sunan gidansu. Kai da wannan hannun za ka rubuta kundin digirinka.

Sai maganar Inna, wadda ina zaton ita ce ainihin abin da ke hana ka barci, ko da yake ka sa ta a ƙarshen wasiƙa. Ka duba abin daga inda take zaune. An sayar da gona, ɗanta yana wata ƙasa da ba ta taɓa gani ba, abin da take riƙe da shi kawai muryarka ce a waya. Tsoronta biyu ne, kada ka ji ciwo kuma kada ka shagala, kuma duka biyun suna da tushe, tunda ga shi kana da ciwo kana ɓoyewa. Ba na jin ɓoyon zai ɗore. Ranar gasa kowa waya ce a hannunsa, wani zai ɗauki hoto, wani ɗan garinku zai gani a Facebook, labari ya isa gida kafin kai, da ƙarin gishiri. Jin abin daga bakin wani ne zai fi yi mata ciwo, fiye da wasan kansa.

Ka kira ta lokacin da take a natse, bayan gaisuwa da labarin karatu, ka fara da abin da ta sani. Ka tuna mata kokawarka ta yarinta. Ka ce ka samu wuri kana motsa jiki, irin kokawa ce, ba naushi ba shuri, akwai malami da alƙali, kuma ita ce ta taimake ka lokacin da kaɗaici ya dame ka. Wannan na ƙarshe ka faɗa mata shi da gaske, uwa tana fahimtar kaɗaicin ɗanta fiye da yadda take fahimtar lambar yabo. Kokawa ba abin kunya ba ce a wurinmu, a Nijar ma takobi ake ba sarkin kokawa na ƙasa a gaban manyan gwamnati, kuma malamai suna kawo labarin kokawar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Rukana. Sai dai kada ka yi mata kwaskwarima. In ta tambaya ko ana jin ciwo, ka ce ana ji wani lokaci, shi ya sa ka ga likita, shi ya sa ka ƙi rage nauyi ta hanyar da ba ta dace ba. Ka ga amfanin yin waɗancan biyun kafin ka kira ta: za ka yi mata magana da gaskiya a bakinka. In kana da yaya ko kawu da take jin maganarsa, ka fara sanar da shi, ka tura masa ɗan bidiyon atisaye ya nuna mata, ta ga mutane cikin fararen kaya suna gaisawa kafin wasa da bayansa.

Tana iya cewa ba ta yarda da gasar ba. In haka ta faru, kada ka yi musu a wayar, kuma kada ka ce to sannan ka je a ɓoye. Ka roƙe ta ta bar ka ka ci gaba da atisaye, ka ɗaga gasar zuwa bayan ka miƙa kundinka, ka nuna mata sakamakon karatu ya yi kyau, sannan ka sake neman izini. Iyaye da yawa da suka ce a'a da farko, tsoro ne ya yi magana, in suka ga yaro bai canza ba sukan sassauta da kansu. In kuma ta ce Allah ya tsare, ka nemi ta yi maka addu'a da safen ranar, ka kira ta da zarar ka sauko daga tabarma, ko ka ci ko an ci ka, ta ji muryarka lafiya.

Abokinka kuma kada ka yi fushi da shi. Ka nuna masa dokar awon a rubuce, domin in shi ma yana da niyyar shiga wata gasa da wannan dabara, ka cece shi. Ka roƙe shi ya raka ka Landan ya riƙe maka jaka da ruwa, ya ɗauki bidiyon wasanka daga farko har ƙarshe, ku kalla tare da koci a satin da ke biye. Ka rubuto mini bayan ka ga likita, ina so in ji abin da ya ce game da haƙarƙarin. Allah ya ba ka lafiya, ya sa Inna ta yi farin ciki da kai.